Jirgin da Bai Sauka a Afirka Ba: Street Fighter II a Zangon Paraku da Jugu

Duk wanda ya taɓa buga Street Fighter II ya san taswirar nan da ke fitowa kafin a sa zare. Duniya ce a shimfiɗe a saman allo, an kakkafa mata tutoci, ga wani ɗan ƙaramin jirgin sama yana tashi daga wannan ƙasa ya sauka a waccan, wata murya kuma tana kiran sunan ƙasar: Japan, Sin, Indiya, Barazil, Amurka, Tarayyar Sobiyet. In hannunka ya yi kyau ka yi nisa, a ƙara maka Sipaniya da Tailan. Afirka tana nan a zane can gefe guda, amma ko tuta ɗaya babu a kanta, jirgin kuma bai taɓa sauka ba. An ce za a fitar da gwarzon mayaƙan duniya ne, sai ga shi an yi taron ba a gayyace mu ba.

Duk da haka, a Zangon Paraku inda na tashi, da Jugu inda nake zuwa hutu wajen kakannina, da wuya ka sami namiji sa'ana wanda bai san Ryu da Ken ba. Wasan da bai san da zamanmu ba ya shiga unguwanninmu ya yi kaka-gida. Ni a ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne: tsarinsa mun riga mun san shi tun kafin ya iso. Filin dambe ne aka ɗura a cikin talabijin. Kuma babban abin da ya tara mana shi ne taron jama'a, wanda shi ne yanzu yake zame mana daga hannu.

Bari mu fara da asalinsa. Kamfanin Capcom da ke birnin Osaka a Japan ya fitar da Street Fighter na farko a 1987, bai yi wani tashe ba. Na biyun ne, wanda ya fito a 1991, ya girgiza duniya. Akira Nishitani da Akira Yasuda ne suka tsara shi, ƙarƙashin jagorancin Yoshiki Okamoto. Ba don gida aka yi shi ba. An yi shi ne don dogayen akwatunan nan masu tsayin mutum da ake girkawa a ɗakunan wasa, ka jefa tsabar kuɗi a rami, ka kama sanda da hagu, ka ɗora dama a kan maɓallai shida: uku na naushi, uku na shuri, kowane daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Mayaƙa takwas ne, kowa da salonsa da lagonsa. Kafin shi yawancin wasannin irin waɗannan akwatuna kai da na'ura ne, burinka ka tara maki a rubuta sunanka a sama. Shi kuwa sai ya tsayar da mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, wanda ya ci ya ci gaba da tsayuwa, wanda aka kayar ya sake zura hannu a aljihu ko ya ba na baya wuri. Ta fuskar kasuwanci wannan dabara ce ta ƙwararru, domin kowane minti biyu ko uku dole wani ya faɗi, dole wani ya biya. Allon ma ba ya ɓoye kwaɗayinsa: da an buge ka sai ya nuna maka fuskar ɗan wasanka a kumbure, yana ƙirga daga tara zuwa sifili, yana jiran kuɗinka.

Mu ba a 1991 muka same shi ba, kuma ba a wannan akwati ba. Ya iso mana ne bayan ya tsufa a wurin masu shi, ta hanyar da komai yake iso mana. Kaya su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, jirgin ƙasa ko manyan motoci su hauro da su Paraku, inda layin dogo ya tsaya tun 1936, daga nan wasu su wuce Malanbil da Gaya zuwa Nijar, wasu su karkata yamma fiye da kilomita 130 zuwa Jugu. Wasu kuma daga kasuwar Alaba ta Legas suke, su shigo ta kan iyakar Nikki. Bayan da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabon kaya daga Turai ya fi ƙarfin talaka, sai gwanjo. Tsofaffin Mega Drive da Super Nintendo da 'ya'yan Faransawa suka gaji da su, su ne suka zama jarin samarin unguwa. Jugu dai ba baƙuwar wannan harka ba ce. Zango ce ta fataken goro da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Salaga a Gwanja tun kafin zuwan Turawa. Garin da ya saba karɓar kayan nesa ya maishe su nasa.

Akwai wani abin dariya a nan. Capcom bai taɓa fitar da Street Fighter II a kan ƙaramar na'urar Nintendo ta farko ba. Ke nan duk kaset ɗin nan masu launin ruwan ɗorawa da ake tsirawa a na'urori masu araha na kasuwar Arzeke, waɗanda aka rubuta sunan wasan a kansu, jabu ne daga Taiwan da Sin. Mayaƙa huɗu ko biyar, sai a sauya musu launin riga a cika allo da su. Kada a yi saurin raina jabun. A 1992 wasu 'yan Taiwan sun yi wa ainihin wasan kutse suka fitar da wanda ake kira Rainbow Edition, mai gudu kamar an kunna masa wuta, ana jefa ƙwallon wuta daga sararin sama, har mutum ya rikiɗa zuwa wani mayaƙi ana tsakiyar faɗa. Jama'a suka so shi, dole Capcom ya mayar da martani da Hyper Fighting a ƙarshen shekarar, ya ƙara wa nasa sauri. Ɓarawo ya koya wa mai kaya yadda ake tallar kayansa.

Ɗakin wasan namu kuwa, shago ne ko zaure, da benci biyu, da talabijin ɗaya ko biyu a kan tebur, da labule a ƙofa don kare haske da idon iyaye. Dala biyar, wato sefa 25, ita ce kuɗin hawa a lokacinmu. Manet biyu ne kawai, amma mutanen da ke ɗakin za su kai ashirin. Sauran goma sha takwas ɗin me suke yi? Su ne wasan. Su ke zuga, su ke ba da shawarar da ba a tambaye su ba, su ke yanke hukunci in an yi gardama, da Hausa da Dandanci da Barbanci da Yarbanci da Faransancin lakwal duk a cakuɗe, a Jugu kuma a ƙara da Yom. Yaron da ba shi da ko dala yana iya wuni a nan ya koma gida da labari.

Yanzu a dubi dambe. Mutum biyu a tsakiyar fili, jama'a sun kewaye. Turmi uku ake yi. Hannu ɗaya na kai hari, ɗaya na karewa, kuma gwani shi ne mai haƙurin auna tazara, ya ja abokin karawa ya kawo hannu a banza sannan ya sauke masa. Street Fighter II ma turmi uku ne, wanda ya ci biyu ya yi kisa. Duk wanda ya iya shi da gaske zai gaya maka cewa ba yawan danne-danne ba ne, sanin inda ƙafarka za ta kai da inda tasa ba za ta kai ba ne. Hatta zanen bayan fage ya san darajar 'yan kallo: a filin Ken mutane ne a kan jirgin ruwa suna ɗaga hannu, a filin Guile sojoji ne a gefen jirgin yaƙi, a filin Chun-Li titin kasuwa ne da masu kekuna da wani mutum riƙe da kaza, wanda da za a cire rubutun Sinanci sai ka rantse bayan Arzeke ne. In an gama, wanda ya ci ya yi wa wanda ya faɗi baƙar magana a rubuce. Ba ma jin Turancin, amma mun san kirari in mun gan shi, sai mu sa namu. Mu da muka tashi muna jin kaset ɗin Ɗan Anace a rumfar mahauta yana wasa Shago, ba mu buƙaci a yi mana bayanin abin da ke faruwa ba. Har sunaye irin na 'yan dambe muka riƙa ba juna: wane shagon wane, saboda a wurinsa ya koyi hannu.

Koyon hannun nan ma abin tsayawa ne a kai. Kaset ɗin gwanjo ba ya zuwa da takardar bayani, in ma ya zo da Japananci ne. Yadda ake fitar da ƙwallon wutar Ryu, wato ƙasa, ƙasa da gaba, gaba, sannan naushi, duk cikin numfashi ɗaya, sai dai wani ya nuna maka. Yadda ake riƙe baya na daƙiƙa biyu kafin Guile ya saki nasa, sai ka yi wa wani babba aike ko ka biya masa hawa. Akwai masu rufe manet da riga don kada a ga yatsunsu, kamar ɗan damben da ke ɓoye layarsa. Ilimi ne na baka, daga babba zuwa ƙarami, da rowa da alfarma da komai. A kan Mega Drive mai maɓalli uku kuwa, sai ka danna Start kafin ka sauya daga naushi zuwa shuri, abin da ya sa yaran da suka ƙware a kansa suka fi kowa saurin yatsa. Su kansu masu wasan ba duk abin da ke ciki suka shirya ba. Jera duka biyu ko uku a haɗe ba tare da abokin karawa ya sami damar karewa ba, wanda a yau shi ne ginshiƙin duk wasannin faɗa, ya samo asali ne daga sassaucin da suka yi don dabarun su riƙa fita da sauƙi. Suka gani, suka bar shi.

A matsayina na mai aikin rediyo, inda na fi jinjina wa wannan wasa shi ne sauti. Ka tsaya a waje, bayan labule, ba ka ganin allo, amma kunnenka zai gaya maka wa ke faɗa da wa, a wace ƙasa, kuma wa ke shan kashi. Kowane mayaƙi da kiɗansa, kamar yadda kowane ɗan dambe yake da takensa. Mace ce ta tsara kusan dukkan kiɗan, Yoko Shimomura, wadda ta karanci piyano a Osaka ta shiga Capcom a 1988, kuma mu da muke ta busa kiɗan Guile da baki a hanyar makaranta ba mu taɓa jin sunanta ba sai da muka girma. Ga wata hikima: in jinin ɗan wasa ya kusa ƙarewa, sai kiɗan ya ƙara sauri. Duk makaɗin kalangu ya san wannan; in ya ga ƙafar wani ta fara rawa, hannunsa yake ƙara wa wuta. Muryoyin kuma gajeru ne, a dishe, saboda ƙarancin ma'ajiyar na'urar, shi ya sa kowace unguwa ta ji abin da ta ji. Kalmar Japananci da Ryu ke faɗa in zai saki wuta, Hadoken, mu "aduket" muka ji, kuma har gobe in ƙato ɗan shekara talatin da biyar ya haɗa tafin hannu biyu ya tura gaba a majalisa ya ce aduket, kowa zai yi dariya. A wurin aiki nakan ce wa sababbin ma'aikata su saurari yadda wannan wasa yake ba da cikakken labari da sauti na daƙiƙa ɗaya, kafin su zo su cika mini shiri da surutu.

To, yabon ya isa haka. Taswirar nan da na fara da ita ba rashin Afirka kaɗai ne aibinta ba. Ƙasashen da aka sa ma, zanen ba'a aka yi musu. Barazil dodo ne kore mai fitar da lantarki. Rasha ƙato ne mai tabon kokawa da namun daji, wanda in ka kammala wasan da shi sai wani shugaba mai kama da Gobacof ya sauko su taka rawa tare, a shekarar da Tarayyar Sobiyet ɗin take rugujewa, shekara biyu bayan Benin ta Kereku ta yi watsi da aƙidar Markisanci. Indiya kuwa wani ramamme ne, Dhalsim, da ƙoƙunan kai a wuya da giwaye a baya, yana miƙa hannu kamar roba. A nan ne wasan ya yi rashin sa'a da mu, domin in akwai ƙasar da Bahaushe ya sani ta allo, Indiya ce. Mun ga Amitabh Bachchan, mun ga Dharmendra, mun san ba haka Indiyawa suke ba. Yaron da ya lura da wannan ya sami darasin farko na sukar abin kallo ba tare da malami ba: in sun yi wa Indiya haka, da sun zana mu me za su rataya mana a wuya?

Amsar ta zo a hankali. Baƙin mutum ɗaya tilo a wasan 1991 ɗan damben Amurka ne mai son kuɗi, wanda aka kwaikwayo daga Mike Tyson. A Japan sunansa M. Bison, da za a fitar da wasan waje, gudun shari'a ya sa aka juya sunayen manyan abokan gaba uku, shi ya koma Balrog. Wannan juyi ya haddasa gardama mai zafi tsakanina da 'yan uwana na Jugu, domin kaset ɗinsu na Japan ne, namu na Turai, kowa kuma yana rantsuwa a kan wane ne Vega, alhali duka muna da gaskiya. A 1993 aka ƙaro Dee Jay na Jamaika, wanda bakinsa ba ya rufuwa da murmushi. Sai a 1997, a Street Fighter III, aka sami 'yar Afirka ta farko, Elena daga Kenya, 'yar sarki mai tafiya ba takalmi, kuma salon faɗan da aka ba ta kafuwera ce ta Barazil. Mutum zai iya cewa an mayar da kaya gida, tunda bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka haifar da kafuwera, kuma mu a Benin mun san wannan zirga-zirga tsakanin Wida da Bahiya fiye da kowa. Amma ban yarda wannan tunani ne ya ja su ba. Nahiya ce guda mai dambe da kokawa iri-iri, ba a tsaya an duba ko ɗaya ba. Daga baya an ƙaro Menat daga Masar. Yammacin Afirka har yau shiru.

Mu ma muna da namu laifin, kada a ce na ɗora wa Japanawa komai. Chun-Li ita kaɗai ce mace cikin takwas, kuma tana cikin waɗanda suka fi sauri, amma a ɗakunanmu wanda ya zaɓe ta sai ya sha tsiya kafin ya fara cin mutane. 'Yan mata kuwa ko labulen ba sa ɗagawa. Duk wannan taro da nake yabo, rabin unguwa ba ya ciki.

Iyaye da malamai sun yi faɗa da ɗakunan nan, kuma ba a banza ba. Canjin cefane ya sha ɓacewa, an sha tsallake makarantar allo ta yamma, an sha kiran magariba yara na bayan labule. Da Mortal Kombat ya iso da jini da fizge kai, wasan da a Amurka ma sai da majalisar dattawa ta zauna a kansa a 1993, sai hujjarsu ta ƙara ƙarfi. Fim ɗin da aka yi a 1994, wanda Van Damme ya fito a matsayin Guile, ya cika gidajen bidiyo, duk da cewa shirme ne daga farko har ƙarshe. Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata a faɗa don adalci: a wancan ɗaki babu wanda ya shiga da niyyar fita da kuɗi. Dala biyar ɗinka ta tafi ke nan, abin da za ka samu suna ne. Yau ka zaga Paraku ka ga inda samari suke cunkoso a gaban allo, da yawa shagunan cacar ƙwallo ne. Benci ɗaya, talabijin ɗaya, ihu ɗaya, amma babu hannun da ake koya, babu shagon wane, kuma mai ci a kullum ba ya cikin ɗakin.

Tsakanin wancan da wannan, PlayStation ta zo da Tekken, sannan wasannin ƙwallon ƙafa suka cinye kasuwa, sannan waya ta raba kowa da kowa. Yaron yau yana da wasanni a aljihunsa fiye da duk abin da muka gani a yarintarmu, yana buga su shi kaɗai, da abin ji a kunne. A wasu wurare kuwa irin ɗakunanmu ba su mutu ba, girma suka yi. A 2017 wani matashi ɗan shekara 18 daga Jamhuriyar Dominika, wanda ake kira MenaRD, ya ci gasar Capcom ta duniya. A 2019 Arslan Ash, wanda ya koyi Tekken a ɗakunan wasa na Lahor a Pakistan, ya doke gwanayen Japan da Koriya ya ɗauki manyan kofunan Evo biyu a shekara ɗaya, bayan wahalar biza da ta kusa hana shi zuwa. Bayan fitowar Street Fighter 6 a 2023, wanda ya ci gasar kamfanin ya tafi da dala miliyan ɗaya ta Amurka. Waɗannan yara ba su fi na Zango yatsu ba. Abin da suka samu shi ne ɗakin da bai rufe ba, da manya da suka ci gaba da zama suna koyar da ƙanana, da wanda ya ɗauki abin da muhimmanci har ya shirya gasa tsakanin unguwa da unguwa.

Shi kuwa sabon wasan, ya zo da wani tsari da ke fitar da aduket da danna maɓalli ɗaya. Na gane dalilinsu, suna son sababbin hannu, kuma na ga 'yar ƙanwata mai shekara tara ta kayar da babanta da shi, abin da ba zai taɓa yiwuwa a zamaninmu ba. Wannan ci gaba ne, ban musa ba. Amma ta koya ne ba tare da ta roƙi kowa ba, a falo, su biyu, babu mai zuga. Da ta yi kisa sai ta waiga, ni kaɗai ne a bayanta, ni ma waya nake dubawa.